Fafe Gora Ranar Tafiya: 'Yan Bak da Karatun Ƙurarren Lokaci a Ndjamena

Duk wanda wata lalura ta fitar da shi cikin dare a watan Mayu, ya ratsa ta Place de la Nation ko ta ɗaya daga cikin manyan titunan nan masu fitilu, ba zai rasa ganinsu ba. Samari ne, wani a zaune bisa tabarma, wani ya jingina da ƙarfen fitila, wani kuma yana kai da kawowa da littafi a hannu, leɓɓansa suna motsi kamar mai lazimi. Can gefe guda wasu huɗu ko biyar sun kewaye wani guntun katako da aka shafa wa baƙin fenti, ɗaya yana rubutu da alli, sauran suna yi masa gyara da hayaniya. Ƙwari na zagaya fitila, 'yan kilando na wucewa da babura suna bulbula musu ƙura, amma ba mai ɗaga kai. Waɗannan su ne 'yan Bak, kuma abin da ya fito da su shi ne jarrabawa ta ƙarato, gida kuwa babu wuta, ɗaki kuma ya zama tanda.

Mu mutanen gari mun saba da ganin haka har ya daina ba mu mamaki. Wasunmu ma sukan yaba, su ce yaran bana akwai himma. Ni kuwa duk lokacin da na gan su sai gabana ya faɗi, domin na taɓa zama a ƙarƙashin irin wannan fitila, kuma na san cewa cikin masu zaman nan akwai wanda yake bita, akwai kuma wanda a daren nan ne ya fara buɗe babin da ya kamata a ce ya sani tun watan Nuwamba. Daga nesa kamarsu ɗaya. Ranar sakamako ce take rarrabe su.

Ga iyayen da ba su yi boko ba, ko waɗanda karatunsu na Najeriya ne, ya kamata a ɗan yi bayani. Bak gajarta ce ta kalmar bakaloriya, jarrabawar da ake rufe karatun lise da ita bayan ajin ƙarshe, wato tarminal. Asalinta daga Faransa ne, inda Napoleon ya kafa ta da doka a shekarar 1808, mu kuma muka gāje ta tare da sauran ƙasashen da Faransa ta mulka. A Chadi hukumar ONECS ce take shirya ta, ita take rajistar ɗalibai da hotonsu da tambarin yatsunsu, ita kuma take fitar da sakamako. Akwai rukunoni dabam-dabam: A4 na masu adabi da filozofi, C na masu lissafi da fizik, D na masu lissafi da ilmin halittu, G na masu sakatariya da akanta da kasuwanci, sannan da yake Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, akwai rukunonin masu rubutawa da Larabci da na masu harshe biyu. Ana ba da maki bisa 20. Wanda matsakaicin makinsa ya kai 10 ya haye kai tsaye, wanda ya kusa kaiwa kuma a ba shi damar zagaye na biyu. Tun daga 2019 yawan masu zaunawa a kowace shekara ya zarce 80,000 a faɗin ƙasa.

Ba kuma jarrabawa ce ta wasa ba. A shekarar 2013 waɗanda suka ci ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, abin da ya girgiza ƙasar gaba ɗaya. An samu sauƙi bayan nan, amma har yanzu gidan da aka ce ɗansu ya ci Bak a zama ɗaya, maƙwabta sai sun shigo barka. Dalili kuwa a fili yake: ba a shiga Jami'ar Ndjamena ko Jami'ar Sarki Faisal sai da wannan takarda, ba a neman gurbi a Ngaoundéré ko Yamai ko Alƙahira sai da ita, kuma yawancin gasar shiga manyan makarantun horo ita ake fara tambaya. Shekara goma sha uku na sayen littafi da ɗinka tufafin makaranta da kuɗin kilando, duk sun rataya a kan mako guda.

Laifin wa?

Abu ne mai sauƙi babba ya ɗaga murya ya ce yaran zamani malalata ne, ba sa tuna karatu sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Wanda ya leƙa ajin tarminal a makarantun gwamnati ya san yadda ake cika shi maƙil, har na baya ba ya jin abin da malami yake faɗi. Littattafan karatu ba su wadata ba, saboda haka malami shifta yake yi, ɗalibi yana kwafa, kuma wannan littafin kwafen shi ne dukkan dukiyarsa. Ga shekarar karatu da ba ta cika zuwa ƙarshe lafiya ba. Daga ƙarshen 2016 zuwa farkon 2017 ma'aikatan gwamnati, har da malamai, sun yi watanni suna yajin aiki saboda matakan nan 16 na tsuke bakin aljihu. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu, aka ɗage Bak zuwa watan Agusta. A watan Oktoba na 2022 kogin Shari da na Logon suka yi ambaliya, mutanen Walia da unguwannin da ke kusa da ita suka kwashe kayansu suka bar gidajensu daidai lokacin da ake komawa makaranta. Duk shekarar da aka yi irin wannan, malamai sukan tara babi uku ko huɗu su zuba wa yara cikin makonnin ƙarshe, don dai a ce an gama manhaja. Yaron da aka ba shi darasi a ƙarshen Mayu, yaushe zai karanta shi in ba a ƙurarren lokaci ba?

Sannan ga yanayin garinmu. Watannin bita su ne Afrilu da Mayu, su ne kuma watannin da zafi yake haura digiri 40, dare ma ba ya huce wa. Wutar lantarki in ta zo a gode, in ta tafi ba a tambayar yaushe za ta dawo. Namiji dai yana da titi. 'Ya mace kuwa, wadda ba za a bar ta ta fita da dare ba, kuma daidai ne kada a bar ta, sai ta gama tuƙi da wanke-wanke da lallashin ƙanne, sannan ta ja tabarma tsakar gida ta haska littafi da fitilar waya. Ita ba a ganinta a titi, saboda haka ba a yaba himmarta, kuma in ta faɗi sai a ce dama karatun mace ke nan.

To, amma bayan an faɗi wannan duka, akwai kason da yake na ɗalibi ne shi kaɗai, kuma a nan zan ba da labarin kaina, don kada a ce ina jifa daga bayan danga.

Shekarar da na fafe gora

Ina ajin tarminal, rukunin A4, a shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008. Duk ɗan Ndjamena ya san abin da ya faru ranakun 2 da 3 ga Fabrairun 2008, lokacin da yaƙi ya shigo har tsakiyar gari. Muna cikin dubban mutanen da suka tsallaka zuwa Kusuri, wasu ta gada, wasu ta kwalekwale. Da ƙura ta lafa muka dawo, makaranta ta buɗe a hankali, amma ni zuciyata ba ta dawo aji ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa shekarar ta riga ta lalace, dole hukuma ta sassauta tambayoyi, kuma ai ni Allah ya ba ni hadda. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi cutar da ni. Na taso a zauren mahaifina, na yi allo, na yi Islamiyya, na saba in kalli shafi sau kaɗan in mayar da shi. Sai na ɗauka filozofi da tarihi ma haka za su miƙa wuya in na ga dama.

Saura kwana ashirin na farka. Na bi abokai muka kama wata fitila kusa da wani shataletale, muka ƙulla amana da wani mai shayi, wanda yakan dafa mana mai kauri, irin wanda ɗacinsa yake manne wa a harshe. Daga isha'i har kiran assalatu ina hadda: sunayen masana filozofi, maganganunsu, shekarun yaƙe-yaƙe, yawan audugar da ƙasa kaza take nomawa. In na idar da sallar asuba in kwanta, rana ta tashe ni da gumi bayan sa'o'i biyu ko uku. Kuma ina jin daɗin kaina ƙwarai, domin duk shafin da na buɗe sai in ga kamar na san shi.

Mahaifina, wanda duk gidan muke kira Malam, bai san Faransanci ba, kuma bai taɓa sa baki a karatuna na boko ba. Da yake ni ne ɗan fari, ba ya ma kiran sunana. Wata asuba muna dawowa daga masallaci ya dube ni, ya ga idanuna sun yi ja, ya ce, “Kai, wannan karatu da kake yi, yaushe kake tishensa?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ai babu lokacin tishe. Sabo ma bai ƙare ba.”

Ya yi shiru har muka kai ƙofar gida, sannan ya ce, “Almajirin da yake wanke allo kullum ba ya waiwayar na jiya, ka taɓa ganin ya yi sauka da abin kirki a kansa?” Bai ƙara ko kalma ba, ya shige zaure. Ni kuwa na ce a raina, Malam bai san Bak ba.

Daren jajibirin filozofi ban runtsa ba ko kaɗan. Da aka raba takarda na karanta tambayoyin, na zaɓi ɗaya, na ɗauki alƙalami. Abin da ya biyo baya har yau ina tuna shi kamar mafarki. Maganganun da na haddace suna nan suna yawo a kaina, amma sun rabu da masu su, ban san wace ce ta wane ba, kuma ba ɗaya da ta amsa abin da aka tambaya. Tambayar tana son in yi tunani, in gina hujja, in rushe ta, in sake ginawa, ni kuwa kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi. Na karanta jimla ɗaya sau biyar ban fahimce ta ba. Can wajen tsakiyar lokaci na ji mai tsaro yana ƙwanƙwasa teburina. Ashe gyangyaɗi ya ɗauke ni, alƙalami ya ja wani dogon layi a kan takardar. Ko zagaye na biyu ban samu ba a wannan shekara.

Abin da zaure ya sani, da abin da masana suka auna

Sai da na zauna maimaita aji, kunya ta hana ni fita, sannan na koma kan maganar Malam. Abin da ya faɗa ba sabo ba ne a wurin duk wanda ya yi karatun zaure. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Shaihu Zarnuji, wanda ake karantawa daga Kano har Abeche, ya tsara wa ɗalibi yadda zai yi bita: darasin jiya a maimaita shi sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, wanda ya gabace shi sau uku, haka har zuwa ɗaya. Ya kuma nuna cewa lokacin sahur da tsakanin magariba da isha'i suna cikin lokutan da karatu ya fi zama. Na karanta wannan babi a gaban Malam ina ɗan shekara goma sha huɗu, amma ban taɓa kawowa a raina cewa ya shafi littafin tarihi da labarin ƙasa ba. Mu 'yan makaranta biyu muna da wannan ciwo: mukan ajiye hikimar zaure a zaure, mu shiga lise da hannu wofi.

Turawa ma sun bi ta tasu hanyar sun iso wuri ɗaya. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa bincikensa a 1885, bayan ya shafe shekaru yana haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, yana auna abin da ya saura a kansa bayan sa'a, bayan yini, bayan wata. Ya gano cewa mantuwa ta fi ɓarna a sa'o'in farko, daga nan sai ta rage gudu. Ya kuma gano cewa jerin da ya ci masa maimaici 68 a zama ɗaya, maimaici 38 sun wadatar in aka rarraba su cikin kwana uku. Wato wanda ya tara karatu a dare ɗaya ya fi shan wahala, kuma ya fi saurin zubarwa.

Akwai wani bincike da ya fi wannan kusa da ciwon 'yan Bak. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a Amurka, sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu aka ce su yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, sai labari ya sha bamban, masu rufe takarda suka wuce su. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna. Wannan shi ne ainihin abin da ya same ni a ƙarƙashin fitila. Ido ya saba da shafi, sai zuciya ta ɗauka ta sani. Gardi kuwa ba ya yarda ya iya sai ya kifa allo ya ba wani ya riƙe masa, ya karanto da ka.

Barci kuma, wanda muka ɗauka ɓata lokaci ne, masu binciken ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa a cikinsa ne abin da aka koya da rana yake samun gindin zama. Wanda ya hana kansa barci don ya ƙara shafi goma, kamar mai zuba ruwa ne a randar da bai bari ta bushe ba bayan gini.

In gorar ba ta fasu ba fa?

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiya ne, amma wannan magana ba ta da amfani ga yaron da saura masa mako uku kuma gorarsa tana nan da ɗanyenta. Ba za a ce masa ya fasa tafiya ba. Abin tambaya shi ne, cikin kwanakin da suka rage, me za a iya tsamowa?

Abu na farko lissafi ne, ba karatu ba. Darussan Bak ba nauyinsu ɗaya ba, kowane yana da ninkinsa, abin da 'yan makaranta suke kira koefisiyan. A ce, don misali kawai, wani darasi ana ninka makinsa sau 4, wani kuma sau 1. Ɗalibin da ya ɗaga makinsa daga 7 zuwa 10 a na farko ya samu ƙarin 12, wanda ya yi irin wannan ƙoƙari a na biyu kuwa 3 kacal ya samu. Amma sai ka ga yaro ya ba da darensa ga darasin da yake so ko wanda ya riga ya iya, domin shi ne yake kwantar masa da hankali, ya bar mai nauyin da yake tsoro. Ya kamata ya zauna da takarda, ya jera darussan rukuninsa da ninkinsu, ya rubuta wa kansa makin da yake ganin zai samu yau in an yi jarrabawar, ba wanda yake fata ba. Daga nan zai ga inda ramin yake. Kuma dole ya haƙura da wasu babi. Wannan yana da ciwo, amma wanda ya ce sai ya taɓa kowane shafi cikin kwana ashirin, zai fito bai riƙe ko ɗaya ba.

Na biyu, tsofaffin tambayoyin shekarun baya, waɗanda ake sayarwa a ɗaure ko a kwafa a shagunan hoto. Yawancin yara suna da su, amma karanta amsoshin suke yi kamar labari, suna gyaɗa kai. Amfaninsu yana wurin wanda ya rufe amsar, ya ajiye agogo, ya zauna tsawon lokacin da za a ba shi ranar jarrabawa, ya yi da hannunsa, sannan ya duba. Ɗan A4 da bai taɓa rubuta cikakken sharhin filozofi daga gabatarwa har kammalawa ba sai a ɗakin jarrabawa, ya yi wa kansa mugunta. Ko da guda uku ya rubuta kafin ranar, ya kai wa wani malami ko wani yayansa da ke jami'a ya duba masa, sun fi masa haddar maganganu ɗari. Waɗancan yara masu guntun allo a bakin titi, da nake cewa suna hayaniya, su ne suka fi kowa kama hanya, muddin kowa yana karɓar alli, ba mutum ɗaya ne yake yi saura suna kallo ba.

Game da lokaci, shekarar da na maimaita na juya tsarin gaba ɗaya. Nakan kwanta bayan isha'i da kaɗan, in tashi kafin asuba lokacin da gari ya ɗan yi sanyi, in yi sabon karatu har hantsi, da yamma kuma in rufe littafi in karanto wa ƙanwata abin da na yi jiya da shekaranjiya, ita tana riƙe da littafin tana tsayar da ni in na kauce. Ba ta fahimci rabin abin da nake faɗi ba, amma ba ta da sassauci ko kaɗan.

Akwai abin da ba zan iya wucewa ban ambata ba, ko da yake iyaye ba sa son jinsa. Shayi mai kauri da gahawa su ne ƙananan abokan daren Bak. Babban shi ne ƙwaya. Tiramol, wadda ake samu a hannun masu tallan magani a bakin titi, magani ce ta kashe zafin ciwo mai tsanani, dangin su ofiyom, ba a yi ta don karatu ba. Tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, kuma in an sha da yawa tana iya kawo farfaɗiya. Yaro yakan fara ta da niyyar mako biyu kawai, don ya kori gajiya. Jarrabawa ta wuce, ita ba ta wuce ba. Uban da ya ga ɗansa yana kwana biyu ba barci, ba ya cin abinci, yana saurin fushi, kada ya tsaya yabon himma, ya zaunar da shi ya tambaye shi.

Haka nan kowace shekara, in jarrabawa ta matso, sai jita-jita ta cika gari cewa tambayoyi sun fita, ga wanda yake da su, a turo kuɗi ta waya. Yanzu da WhatsApp abin ya ƙara sauƙi. Ban da cewa ha'inci ne, kuma wanda aka kama da waya ko takarda a ɗakin jarrabawa ya jawo wa kansa kora da kunya, akwai asarar da ba a lissafawa: daren ƙarshe da yaro zai kwana yana haddace amsar tambayar da ba za ta fito ba.

A gidanmu kuma na ga wani nau'in shirin na ƙurarren lokaci. Duk shekara, makon jarrabawa, iyaye mata sukan aiko ko su zo da kansu wurin Malam neman addu'a, wasu har da roƙon rubutun sha. Malam ba ya mayar da kowa, yakan ɗaga hannu ya roƙa wa yaro buɗi da natsuwa. Amma in yaron ya zo da kansa sai ya tambaye shi, “Ɗana, me ka karanta yau da safe? Faɗa mini da Hausa.” In yaro ya yi ta inda-inda, sai Malam ya yi murmushi ya ce ya je ya karanta ya dawo gobe ya faɗa masa, addu'ar tana nan tana jiransa. Wasu iyayen ba su ji daɗin haka ba. Na san aƙalla yara biyu da suka riƙa dawowa kowace safiya har ranar jarrabawa.

Rabon iyaye a wannan aiki ba ya buƙatar sanin Faransanci ko Larabci. A ɗauke wa yarinya girki da ɗiban ruwa na waɗannan makonni, ko da kuwa za a roƙi wata 'yar'uwa ta zo ta kama. A daina aiken yaro kasuwar Dembe da tsakar rana. In da hali a sayi 'yar fitila mai cajin rana, wadda yanzu ta wadata a kasuwa, domin ta fi fitilar titi aminci, kuma ita ce kaɗai za ta kai haske inda 'ya mace take. A rage yawan tuna wa yaro kuɗin da aka kashe a kansa da ɗan wane da ya ci bara. Ya sani, shi ne ma abin da yake hana shi barci. Ranar jajibiri a sa shi ya je ya ga cibiyar da aka tura shi da idonsa, domin sau da yawa ba makarantarsa ba ce, kuma watan Yuni ne, ruwan dare ɗaya yana iya mayar da hanyar unguwa taɓo. Katin jarrabawa da alƙaluma su kwana a wuri ɗaya. Da safe ya karya, ko da kunu ne da ƙosai.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne na bayan fitowa. Da an ajiye alƙalami a rana ta ƙarshe sai yara su watsar da littattafai, wasu su tafi ƙauye, alhali tsakanin fitar sakamako da zagaye na biyu kwanaki ne ƙalilan. Wanda ya san makinsa yana kan gaɓa, ya huta kwana biyu ya koma bita, domin zagaye na biyu ya tsamo mutane da yawa, kuma takardar da ake ba su ba ta da bambanci da ta sauran.

Ni a 2009 ban buƙaci zagaye na biyu ba, amma ba da wata tazara na haye ba, da mafi ƙanƙantar daraja na fita. A wancan lokaci ba a duba sakamako ta waya kamar yanzu, kunne ake kasawa. Muna zaune a tsakar gida an kewaye rediyo, Inna tana riƙe da carbi ta kasa ja, aka yi ta jero sunaye har na fara jin jiri, sannan aka kira nawa. Ƙanwata ta rangaɗa guɗa, ta ce rabin takardar nata ne. Na tashi na nufi zaure, na tarar da Malam yana biya wa wani almajiri, na durƙusa na gaya masa. Ya ce, “Alhamdu lillahi, Allah ya sa albarka.” Sannan ya juya ga almajirin ya ce masa ya kifa allon ya kawo na jiya.